Soso a Aikin Haɗa Ƙaramin Kwale-kwale

Soso, ko fom kamar yadda wasu ke ce masa, roba ce da aka hura wa iska ta kumbura, ana sa shi a ƙaramin kwale-kwale na haɗin gida saboda ko ruwa ya cika jirgin ba zai nutse ba. Lissafin mai sauƙi ne, ruwan da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi kilo 1000 ne, amma farin soso mai wannan girman bai wuce kilo 15 zuwa 30 ba, kenan zai iya riƙe sama da kilo 900 a saman ruwa.

Sai dai fa ba kowane soso ba. Na katifa da kushin ƙofofinsa a buɗe suke, shan ruwa yake kamar na wanke-wanke, ka sa shi a jirgi ka ƙara wa kanka kaya. Wanda ake nema shine mai rufaffun ƙwayoyi. Mafi sauƙin samu a Kaduna shine farin nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin da firji, ana samun sa wajen masu sai da kayan wuta da su kasuwar Panteka, sunansa folistarin. Akwai ɗan uwansa mai tauri wanda kamfanin Dow na Amurka ya fitar da sunan Styrofoam tun shekarun 1940, sai kuma foliyuretan, ruwa biyu ne ake haɗawa a zuba cikin rami ya kumbura ya daskare, in aka zuba da yawa ma yana iya ɓalle katako.

Matsalar farin soso fetur. Duk wanda ya taɓa ganin masu liƙe kwanon rufi suna narka shi da fetur su yi gam ya san zancen, toh haka zai narke in fetur ɗin inji ya zubo a cikin jirgi, haka ma rezin ɗin foliyesta, wato gam ɗin da masu aikin faiba (zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ya daskare) ke amfani da shi, yana cinye shi tas, shi yasa sai wani gam ɗin da ake kira efoksi, shi kuwa akwai tsada gaskiya. Rana ma tana sa shi ya yi rawaya ya dinga garewa, ga ɓeraye.

Soso shi kaɗai ba shi da ƙarfi. Ko dai a cusa shi ƙarƙashin benci da gaba da bayan jirgin katako a rufe da filawud, ko a sassaƙa jikin jirgin da shi a lulluɓe ciki da waje da faiba. Irin wannan dabara ta soso tsakanin faiba biyu ce ta fito da jiragen kamfanin Boston Whaler na Amurka a 1958, har mai kamfanin Dick Fisher ya sa aka raba jirginsa biyu da zarto yana zaune a ciki bai nutse ba.

Inda ake ajiye shi ma abin lura ne, in aka shimfiɗa shi duka a ƙasa jirgin da ya cika da ruwa kifewa zai yi, dole a ɗaga shi gefe-gefe ta sama a kuma ɗaure shi tamau. A Kogin Kaduna da ke da duwatsu, ga cika da gudu a watan Agusta da Satumba, ƙasan jirgin na buƙatar faiba ninki biyu ko uku, dan dutse na fasa fatar ruwa zai fara shiga.