Wai Giya Tana Ƙara Wa Inji Ƙarfi?

An daɗe ana faɗin wannan magana, wai idan ka sa mota a lamba ɗaya inji ya ƙara ƙarfi ne shi ya sa take hawa tudu da kaya. A'a fa. Inji yana nan yadda yake, giya ba ta haifar da ƙarfi ko kaɗan, musaya kawai take yi, ka ba da gudu ta ba ka ƙarfin murɗawa.

Duba haƙoran giya biyu da suka cije juna, ƙarama mai haƙori 10 tana juya babba mai haƙori 30. Sai ƙaramar ta zagaya sau 3 kafin babbar ta zagaya sau 1, to babbar ƙarfin murɗawarta ya ninka sau 3 amma saurinta ya koma kashi ɗaya cikin uku, ka ga ba abin da aka samu a banza. Shi ya sa a lamba ɗaya inji ke ta ihu mota kuma tana tafiya kamar hawainiya.

Haka jak yake, mutum ɗaya ya ɗaga mota amma hannunsa ya yi ta sama da ƙasa kafin taya ta bar ƙasa da ɗan taƙi.

Kai, asara ma ake yi, don gogayyar haƙora tana cinye wani abu ya koma zafi. Taɓa giyabos bayan doguwar tafiya ka ji, man giya rage wannan gogayyar yake yi.