Wai mine ne PM2.5 ɗin nan da ake ta magana?

Jama'a assalamu alaikum. Duk mai duba yanayi a wayarshi ya san akwai wani wuri da ake rubuta PM2.5 da lamba a gefe, wani lokaci kore wani lokaci ja wur, kuma yawancinmu wucewa kawai mukan yi. To wannan lamba tana gaya maka yawan ƙananan ƙwayoyin datti da ke yawo cikin iskar da kake shaƙa ne, waɗanda girmansu bai wuce maikromita 2.5 ba, wato sai ka tsaga kaurin silin gashi guda wajen gida 30 kafin ka kai ƙanƙantarsu. Ido bai ganinsu. Babbar ƙura hanci na tare ta, ka fyace majina ta fito baƙa shi kenan, amma su waɗannan wucewa suke har ƙuryar huhu wasu ma su shiga jini, shi ya sa likitoci ke danganta su da asma da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki har da kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, na kashe mutum wajen miliyan 7 duk shekara, kuma a 2021 ta ce matsakaicin PM2.5 na shekara kar ya wuce maikrogiram 5 a kowace kubik mita ta iska.

A nan Sakkwato da anka ce iska ba kyau sai kowa ya ce ai hazo ne. Gaskiya ne hunturu na kwaso muna ƙura, da yawanta ma daga Bodele can ƙasar Chadi take tasowa, kuma wannan ba mai iya tare ta. Amma hazo ɗan lokaci yake ya wuce, hayaƙinmu fa? Ka tsaya Gawon Nama da marece ka ga kabu-kabu da keke napep an cunkushe kowa na ba da wuta, baƙin hayaƙi na fita daga salansa kai tsaye cikin fuskar na baya, ga janareto ƙofar kowane shago da an ɗauke wuta, ga bola an cinna mata wuta da leda da robobi tana ci kwana da kwanaki. Wanda ya fi damuna wallahi shi ne na madafa, mace na hura ɗanyen icce cikin ɗan ɗaki mara taga idonta na hawaye ga goyo a bayanta, yaron nan shi ma shaƙa yake tun bai san komai ba.

Nan ne aikin hukumomin gari ya shigo. Birnin Landan a 2019 sun ware yanki a tsakiyar gari sunka ce duk motar da hayaƙinta ya wuce ƙa'ida sai ta biya fam 12.50 a rana in za ta shiga, a watan Agusta na 2023 kuma magajin garin Sadiq Khan ya faɗaɗa shi ya game birnin, duk da mutane da dama sun yi ta ƙorafi. Ni dai ban ga wannan zai yi a wurinmu ba, ka ɗora ma ɗan kabu-kabu haraji alhali ba ka ba shi wata hanyar ci da iyali ba ai zalunci ne. Amma tsarin mulkin 1999 ƙarara ya sa kwashe shara da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta a hannun ƙananan hukumomi, kuma nan ɗin ne hayaƙin ke tashi. In motar shara na zuwa kan lokaci ba wanda zai ƙona bola, in an samar ma mahauta wata hanyar babbaka ba sai sun nemi tsohuwar taya ba, sannan a kafa na'urorin auna iska ko da bakin babbar kasuwa ne da tasha a riƙa faɗin lambar a rediyo kamar yadda ake faɗin farashin hatsi, don mai asma da masu jarirai su san ranar da ya kamata su sa takunkumi ko su rage fita. Waɗannan su ya kamata mu riƙa tambayar kansilolinmu da ciyamomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da Wamakko duk sanda sunka shigo unguwa.