Waiwaye: Yadda "ba da haɗin kai" ya shiga lissafin hukuncin masu ƙwaya

Tun da Majalisar Dattawan Najeriya ta amince da ƙudirin hukuncin kisa ga masu safarar miyagun ƙwayoyi a watan Mayun 2024, muhawara ba ta lafa ba. Ana ta jan zance kan tsananin hukunci, amma tambayar da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya daban ce: me ya sa za a kama mutum biyu da kaya iri ɗaya, ɗaya ya daɗe a gidan yari, ɗayan ya fito da wuri don an ce ya ba da haɗin kai?

Tarihin tsanani sananne ne. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ga mai noman wiwi. Ta 1984 ta kai ga harbe mutum uku a Legas a 1985. A 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, kuma dokarta ta ɗora wa wanda aka samu da hodar iblis ko makamanciyarta ɗaurin shekara 15 zuwa 25.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne 2015, shekarar da aka kafa dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka. Sashe na 270 ya halatta yarjejeniyar amsa laifi domin samun sassauci. Da yawa sun ɗauka an yi ta ne don masu shari'ar almundahana, tun da a can aka fara jin labarin irin wannan sulhu. Alhali shari'ar ƙwaya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, kuma wannan dokar ce ke aiki a can. Cikin abubuwan da mai gabatar da ƙara zai auna kafin ya shiga yarjejeniyar har da shirin wanda ake tuhuma na taimakawa a binciki wasu ko a gurfanar da su. Dole a rubuta yarjejeniyar. Alƙali ba ya shiga cinikin, sai dai ya tambayi mutum ko da yardarsa ya amsa. In kuwa alƙalin ya ga hukuncin ya yi kaɗan, mutum na da damar janye amsawarsa.

A ganina matsalar tana cikin ginin tsarin kansa. Sassauci ya ta'allaƙa da abin da mutum ya sani, kuma sani yana hannun wanda ya yi nisa a harkar. Dila ya san mai kawo masa kaya, ya san motar da ranar lodi da lambar waya. Yaron da aka tsinta da ƙwayar tiramadol a aljihu bai san komai ba sai laƙabin wani da ke tsayawa a bakin kwalbati bayan magariba. Ko ya faɗa, unguwar nan dai zai koma, uwarsa ma can take kwana. Wannan tsoron ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma wanda ya zayyana duk abin da ya sani ranar da aka kama shi, yana zaton an gama magana. Dokar 2015 ta ba shi damar yin bayani a gaban lauyansa, amma talakan da ba shi da lauya bai san cewa haɗin kan da bai shiga takarda ba yana iya tashi a banza ranar yanke hukunci.