Wa ke biyan kuɗin dam, wa ke biyan kuɗin famfo?

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba gwamnatin tarayya ikon duk ruwan da Majalisar Tarayya ta ayyana ya shafi jiha fiye da ɗaya, kuma Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta fayyace wannan iko. Dokar ba ta hana talaka ɗiban ruwan sha, ko shayar da dabbobi, ko kamun kifi ba. Duk wannan kyauta ne. Mai son tare kogi ko jan ruwa mai yawa don kasuwanci, shi ne zai nemi lasisi.

Hukumomin raya koguna, da aka fara kafawa a shekarun 1970 kuma yanzu su 12 ne, su ke riƙe da manyan madatsun ruwa. Tiga da Challawa na hannun Hukumar Hadeja-Jama'are, Bakolori da Goronyo na hannun ta Sakkwato-Rima. Amma da zarar ruwa ya shiga matatar Tamburawa, ya zama na hukumar ruwan Jihar Kano: tacewa, bututu da karɓar kuɗin wata duk nata ne.

Manufar ruwan sha ta ƙasa ta 2000 ta raba kuɗin gini. A karkara, tarayya kashi 50 cikin 100, jiha 25, ƙaramar hukuma 20, mutanen gari 5. A birni kuwa nauyin kan jiha ya koma: 60 nata, tarayya 30, ƙaramar hukuma 10. Manufa ce dai, ba doka ba, don haka jihar da ta ƙi sakin kasonta ba a kai ta kotu. Aikin kawai ya tsaya.

Bashin waje ma ta hannun tarayya yake biyowa, sannan a riƙa cirewa daga kason jiha na wata-wata. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyara wuraren noman rani kamar Bakolori da Kadawa.

Matsalar tana wajen kula. Kuɗin gini yana da mai shi, na dizal, alam da gyaran inji kuwa an bar wa kuɗin da masu shan ruwa ke biya, wanda ba ya isa. A gonakin rani, manomi ya daina biya don ruwa bai iso shi ba, hukuma ta kasa yashe magudana don ba a biya ba, kafin damina biyu ciyawar kachalla ta toshe hanyar, manoman ƙarshen layi su koma injin ban-ruwa da fetur ɗin aljihunsu.