Mawaƙa a taron malaman Yahudawa: tambayoyi da amsoshi

Ba don nishaɗi kawai ake gayyatar su ba?

A'a, kuma an sha faɗin haka. Malamin da ya zo taron zai koma aji ya koya wa yara addu'o'i cikin Ibrananci, harshen da yawancin yaran Amurka ba sa ji a gida. Waƙa ce ke sa kalmomin su zauna musu. In mawaƙi ya burge jama'a amma malami bai iya maimaita waƙar a aji ba, an yi asarar kuɗin jirgi.

Yaushe abin ya fara?

Ƙungiyar CAJE, ta malaman da ke koyar da ilimin Yahudanci a Amurka, ta yi taronta na farko a 1976 a Jami'ar Brown. Ta rushe a 2009, NewCAJE ta gaje ta a 2010. Mawaƙiya Debbie Friedman, wadda ta rasu a 2011, ta daɗe tana jagorantar ayarin mawaƙan taron.

Waƙata ba ta kama bakin mutane. Me ya sa?

Mai yiwuwa ka ɗauke ta sama da yawa, don ta dace da muryarka. Sauko da ita inda yaro ɗan shekara 8 zai kai ba tare da ya shaƙe ba. Fara da amshi, layi ɗaya, su maimaita sau 2 ko 3 kafin ka shiga baiti. Ka rage ƙarar jita har ka riƙa jin muryoyinsu. Kuma don Allah ka raba takarda: Ibrananci daga dama ake karanta shi, alamomin kiɗa daga hagu, shi ya sa ake rubuta lafazin da haruffan boko a ƙarƙashi. Kada ka buga cikakken sunan Ubangiji a takardar da za a bari kan kujera, domin a wurinsu irin wannan takarda ba a jefa ta a shara, binne ta ake yi.

Taronmu ya haɗa da Asabar, ranar hutun Yahudawa, kuma akwai 'yan Otodoks, masu tsananta bin dokokin addini. Ya za mu yi?

Nan ne ake samun ɓacin rai, kuma babu amsa ɗaya. Daga faɗuwar rana ta Juma'a har fitowar taurari daren Asabar, 'yan Otodoks ba sa kaɗa jita, ba sa amfani da makirfo. 'Yan Rifom kuwa, masu sassauci, da jita suke ibadar daren Juma'a. Na tsakiya sun rabu, ya danganta da majami'ar da mutum ya fito. Mafi sauƙi, zaman da ya haɗa kowa a yi shi da baki zalla, a nemi ɗakin da murya ke kaiwa. Nigun, wato rera karin waƙa ba kalmomi, yana ɗaukar mutum ɗari ba tare da an jona waya ko ɗaya ba. Masu son kiɗa a ba su wani ɗaki mai nisa, a rubuta a jadawali ƙarara. Da an yi Habdala, addu'ar rufe Asabar, an kashe kyandir mai kitso a cikin ruwan inabi, sai a ɗauko jita.

Sai batun kol isha: wasu mazan Otodoks ba sa sauraron mace tana waƙa ita kaɗai. Wasu malaman addininsu sun sassauta in a cikin ayari ne, wasu ba su yarda ba. Ni dai ban ga dalilin cire mace daga dandamali ba, alhali mata ne mafi yawan malaman makarantun. A sanar tun da wuri wa zai yi waƙa da kuma ƙarfe nawa, mai uzuri ya fita salin-alin. Duk da haka a tuntuɓi rabbi, wato malamin addini, wanda mahalarta suka amince da shi kafin a buga jadawali.

Ban iya jita ba. Zan iya jagoranci?

Sosai, kwantar da hankalinka. Tafi da murya sun isa. In kana son horo, akwai Hava Nashira, taron horar da masu jagorantar waƙa, wanda aka fara a 1992 a jihar Wiskonsin.

A biya mawaƙin?

A biya shi. A kuma nemi izininsa kafin a kwafi waƙarsa a raba wa makarantu.