Wai inshorar dubu 15 za ta gyara maka Camry?

Jama'a wannan kuskuren ya daɗe a kanmu wallahi, mutum ya biya dubu 15 ya saka takardar a aljihun mota, sai ya ɗauka ko dai ta nuna wa 'yan sanda ce kawai a shingen hanya, ko kuma ranar da ya yi hatsari kamfani zai gyara masa motarsa. Duka biyun ba haka bane.

Ita inshorar ɓangare na uku, wadda NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta Najeriya, ta ɗaga kuɗinta daga dubu 5 zuwa dubu 15 a Janairun 2023, wanda KA buge take biya, ba kai ba. Ka daki bayan motar wani a gosulo ka fasa masa bamba da fitila, kamfanin zai biya ɓarnar har naira miliyan 3. Amma taka Camry ɗin da gabanta ya lotse, malam kai da bakanike ne.

In kana so a gyara taka ko a biya ka in an sace ta ko ta ƙone, sai cikakkiyar inshora, ita kuma mafi ƙaranci kashi 5 cikin 100 na darajar motar ne, wato motar miliyan 8 kusan dubu 400 kenan duk shekara, eh akwai tsada.

Sannan da yawa takardun da ake yi ta hannun 'yan kamasho na bogi ne, ka shiga shafin NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya a intanet, ka saka lambar motarka ka gani ko tana ciki. Masu shakka ta fuskar addini kuma akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci.