Damuwar Ƙarancin Rana: Mece Ce Ita, Kuma Ƙaura Zuwa Ƙasa Mai Rana Na Maganinta?

Autanmu ya bar Argungu cikin watan Satumba, ya tafi karatun digiri na biyu a birnin Aberdeen na ƙasar Sikotilan. Makonnin farko kullum sai ya bugo waya, ya aiko hoton bakin teku, yana mana tsiya wai muna nan muna fama da zufa shi yana shan iska. Daga tsakiyar Nuwamba sai kiran ya fara ja baya. In an yi sa'a an same shi, muryar nan a dakushe kamar wanda aka tasa daga barci, kuma daga barcin aka tashe shi, ko da ƙarfe sha ɗaya na safe ne a can. Rannan Inna ta karɓe wayar daga hannuna ta ce, "Auta, mi ya same ka? Ko ba ka lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau Inna, jikin ne dai ya mutu." Tana ajiye wayar ta yanke hukunci: baki ne ya kama yaro. Kawu ya ce kewar gida ce, za ta wuce. Ni kuwa na zaci kuɗi ne suka yanke masa yana jin nauyin faɗa.

Dukanmu mun yi kuskure. Da ya daure ya je wurin likita a can, sai aka gaya masa abin yana da suna. Likitoci suna taƙaita sunan da haruffa uku, SAD, ma'anarsa ciwon damuwa mai bin lokutan shekara. Ni na fi son in kira shi damuwar ƙarancin rana, domin nau'in da ya fi yawa ke nan: damuwa ce da ke shigowa lokacin da yini ya gajarta, ta zauna da mutum duk tsawon sanyi, ta sake shi da kanta idan yini ya fara tsawo, sannan baɗi war haka ta dawo kamar mai bin bashi.

Ba ɓacin ran kwana biyu ake nufi ba. Ciwon damuwa ne sosai, wanda ke hana mutum karatu da aiki da hulɗa da jama'a. Abin da ya bambanta shi da sauran ciwon damuwa shi ne wannan zuwa da tafiyar a kan lokaci, kuma likita ba ya tabbatar da shi sai ya ga abin ya maimaitu shekara biyu a jere. Shi ya sa a shekarar farko zato kawai aka yi wa Auta. Alamunsa ma suna da nasu salo. Galibi mai ciwon damuwa barci ke ƙaurace masa, abinci ya fita ransa. Wannan kuwa akasin haka yake: barci ba ya isarsa komai yawansa, ya kwana ya wuni yana jin kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa, ga kwaɗayin kayan zaƙi da burodi da taliya, har ƙiba ta zo. Auta ya ce akwai ranar da ya cinye burodi guda shi kaɗai yana kwance, kuma ba yunwa yake ji ba. Mata sun fi maza kamuwa da shi, kuma ya fi farawa a shekarun ƙuruciya.

Wanda ya fito da sunan ciwon shi ma baƙo ne daga ƙasar rana. Likitan ƙwaƙwalwa ne mai suna Norman Rosenthal, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya koma Niyok a Amurka a 1976. Da sanyi ya shigo sai ya ji kuzarinsa ya zube, da yini ya tsawaita sai ya ji ya dawo. A 1984 shi da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka suka wallafa bayanin ciwon, tare da gwajin da suka yi na warkar da shi da haske. Wataƙila da a can aka haife shi da bai lura ba, don wanda ya tashi cikin abu ba ya ganin baƙuntarsa.

Mu da muka tashi a Kabi da Zamfara yana mana wuya mu gane yadda rana za ta yi wa mutum ƙaranci, mu da kullum inuwa muke nema. Sai an duba agogo. A Argungu ko Gusau, yini mafi gajarta a Disamba bai gaza awa 11 ba, mafi tsawo a Yuni bai kai awa 13 ba. A Aberdeen kuwa, ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kuma kafin uku da rabi na yamma ta faɗi. Yinin duka bai cika awa 7 ba, shi ma galibi a lulluɓe da gajimare. Auta ya ce abin da ya fi rikita shi salla ce: ka yi Azahar da sha biyu da 'yan mintuna, kafin ƙarfe biyu La'asar ta yi, kafin ka gama shan shayi an shiga Magariba, daga nan sai dare mai tsawo kamar ba zai ƙare ba. Ya shiga aji da duhu, ya fito da duhu. Kuma nasu da sauƙi. A garin Tromso na ƙasar Norwe rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. A wani garin nasu, Rjukan, da duwatsu suka tare wa rana kusan rabin shekara, sai da aka kafa manyan madubai a kan dutse a 2013 don su jefo haske cikin dandalin gari, mutane su fito su tsaya a ciki.

Yadda abin ke aiki a jiki shi ne, akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwa wanda ke tsara lokacin barci da farkawa da jin yunwa, kuma hasken da ke shiga ido da safe shi ke saita wannan agogo kullum. Idan duhu ya yi, jiki yana sakin wani sinadari mai suna melatonin wanda ke kawo barci, hasken safiya kuma ya tsayar da shi. To in safiyar ta ƙi wayewa, agogon sai ya yi lattin tashi, mutum yana tafe a titi amma jikinsa na ganin dare ne. Ana kuma danganta ƙarancin haske da raguwar aikin serotonin, sinadarin da ke da hannu a walwalar zuciya. Fitilar ɗaki ba ta cike gurbin. Da ma'aunin haske da ake kira luks, ɗakin ofis mai fitila bai wuce 300 zuwa 500 ba, alhali tsakar rana a fili tana iya kai wa 100,000.

Daga nan ne maganar ƙaura ta samo asali. Tunda rashin rana ne ya kawo ciwon, me zai hana mutum ya tattara ya koma inda take? Turawa sun daɗe suna yi. Duk shekara dattawan Kanada da na arewacin Amurka suna gangarawa Fulorida da Arizona su yi watannin sanyi, su koma gida idan gari ya yi ɗumi, kamar yadda tsofaffin Ingila ke tafiya Sifen. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, cin rani ne, sai dai namu na neman kuɗi ne, nasu na neman rana. Kuma akwai hujja a bayansa. Wani bincike da aka wallafa a 1990 ya kwatanta wurare huɗu a Amurka, ya samu masu alamun ciwon kashi 1.4 cikin 100 a Fulorida da ke kudu, amma kashi 9.7 a New Hampshire da ke arewa.

Sai dai lissafin bai miƙe haka ɗoɗar ba. Mutanen ƙasar Aislan suna can ƙuryar arewa, yininsu na Disamba ya fi na Aberdeen gajarta, amma da aka bincika sai aka tarar ciwon bai yi musu yawa kamar yadda aka zata ba. Ke nan ba nisan ƙasa kaɗai ke magana ba, akwai gado, akwai sabo, akwai yadda mutane ke tafiyar da rayuwarsu cikin sanyin. Ga kuma abin da ni na fi ba nauyi. Mutumin da ya bar Gusau ko Birnin Kabi ya faɗa irin wannan ƙasa ba rana kaɗai ya rasa ba. Ya rasa majalisa a ƙofar gida bayan Isha'i, ya rasa mai sallama ya shigo ba tare da ya bugo waya ba, ya rasa kiran salla daga masallacin unguwa. Idan kaɗaici ne da bashi da wahalar aikin dare ke cinsa, ko Dubai ya koma, inda rana ke dukan tsakar ka, damuwar za ta shiga jirgi tare da shi. Ƙaura tana maganin abin da rashin haske ya kawo ne kawai, kuma tana zuwa da nata kaya: barin aiki, katse karatu, cire yara daga makaranta, sake neman takardun zama.

Shi ya sa a ganina ƙaura ita ce matakin ƙarshe, bayan an gwada masu araha. Na farkonsu wata fitila ce ta musamman mai ƙarfin luks 10,000, wadda mutum ke zama a gabanta kamar minti 30 da sassafe, yana karin kumallo ko karatu, ba tare da ya ƙura mata ido ba. Da yawa suna jin sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Da Auta ya kwatanta mana ita a waya dariya ta kama ni, don shan hantsi ne aka sa wa wayar lantarki aka ɗora masa farashi. Abin da tsofaffinmu ke yi ke nan da ɗari: a shimfiɗa tabarma a jikin bangon gabas, a lulluɓa da bargo, a zauna har rana ta ɗaga, ana hira ana ɓare gyaɗa. Amma fitilar ba ta kowa ba ce. Mai ciwon ido, da wanda damuwarsa ke juyewa wani lokaci ta zama zumuɗi da rashin barci da yawan surutu, sai da izinin likita.

Bayan fitila akwai fita waje da tsakar rana ko da akwai gajimare, don hasken waje a ranar hadari ma ya ninka na ɗaki. Akwai zama da masanin halayyar ɗan Adam, akwai kuma magungunan damuwa da likita ke rubutawa, wasu a fara sha tun kafin sanyin ya shigo. Maganar bitamin D kuma, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta, gaskiya ne baƙar fata ba ta samar da shi da sauri inda rana ba ta da ƙarfi, har hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar shan maikurogiram 10 kullum a watannin sanyi, masu duhun fata kuma duk shekara. Wannan don lafiyar ƙashi da tsoka ne. Binciken da aka yi kan ko yana warkar da wannan damuwar bai tsaya a magana ɗaya ba, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai.

Wanda ke tunanin ƙaura kuwa, akwai gwaji mai sauƙi. Ya zo gida mako biyu ko uku a Disamba ko Janairu, ya lura da kansa. Sai dai gwajin ma yana da ha'inci, domin gida ba rana kaɗai ke ba ka ba, har da tuwon shinkafa da miyar Inna. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne yadda mutum yake a can ƙasar cikin Yuni da Yuli, lokacin da yinin Aberdeen ke kai wa kusan awa 18. In a lokacin garau yake, yana cikin kaɗaicin nan da aikin nan amma zuciyarsa wasai, to haske ne matsalarsa. In kuwa har a lokacin ba ya jin daɗin komai, sai a nemi dalilin a wani wuri.

Akan tambaye ni ko ana samun ciwon a nan gida. Hazon hunturu yana dusashe rana kwana da kwanaki, amma yini ba ya gajarta yadda zai rikita agogon jiki kamar na can. Akwai dai wani nau'in da ba a cika ambata ba, mai zuwa da lokacin zafi, wanda alamunsa rashin barci ne da rashin cin abinci da saurin fushi. Ko wane iri ne, wanda damuwa ta kai shi ga daina kula da kansa, ko ya fara zancen gara ya mutu, ba a jira sauyin yanayi, asibiti ake kai shi. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, kuma manyan asibitocin Birnin Kabi da Gusau suna iya duba mutum su tura shi inda ya dace. Addu'a da rubutu ba su hana ganin likita.

Auta ya sayi fitilar a shekara ta biyu, tun Oktoba ya fara zama gabanta bayan Asuba, kuma sanyin bai kayar da shi kamar na farko ba, ko da yake ya ce Janairu ta ɗan taɓa shi. Yanzu ya gama karatu, ana masa tayin aiki a can, wani abokinsa kuma yana jansa zuwa Abuja a kan albashin da bai kai rabin wancan ba. Ya zo hutu watan jiya bai yanke shawara ba. Kullum da hantsi sai ya ɗauki kujera ya zauna a tsakar gida ya miƙe ƙafa, ba hula ba lema. Inna ta leƙo daga madafa ta dube shi ta ce, "Wai ranar ga da muke gudu ita ka biya kuɗin jirgi ka zo sha?" Ya ce, "Ita fa, Inna." Ta girgiza kai ta miƙo masa tiren shinkafa, ta ce tunda zaman rana yake so, ya tsince mata tsakuwa.